Sunkuyon Tabawa

Taƙaitaccen bayanin al'amarin shi ne kamar haka. A garin Dogon Gaɓa, tun zamanin da ba a fara rubuta haihuwa da mutuwa ba, an ƙulla yarjejeniya tsakanin jama'ar gari da wani aljanin kogi mai laƙabin Magajin Zurfi. Aljani yana ba da ruwan rani, gari yana ba da gadon bayan mutum guda kowace shekara. Wata mai ginin tukwane, Tabawa 'yar Korau, ta ƙi amincewa da kason da ya faɗo gidanta. Ta tafi Misira ba da izinin kowa ba, ta komo da curin laka guda, ta warware yarjejeniyar ba tare da ta karya ko harafi ɗaya a cikinta ba. Ba a yi mata godiya a hukumance ba. Cikakken bayani yana biye, yadda na ji shi daga bakin dattawan garin sa'ad da nake akawun gunduma. Inda suka saɓa wa juna, na ɗauki maganar wanda ya fi ƙarancin rantsuwa.

Garin yana bisa wata gaɓa mai tsawo. Da damina kogi yakan zo har bakin ƙofa, amma da zarar kaka ta wuce sai ya nutse can ƙasa, mutum ya leƙa ya hango shi kamar gindin rijiya. A lokacin ne Magajin Zurfi yake fitowa ya ambaci sunan jigo guda daga cikin jiga-jigan gari. Wanda aka ambata ya gangara ya durƙusa, aljani ya ɗora masa hannu a baya, bayansa ya tanƙware kamar lauje, ba ya kuma miƙewa har kabari. Kashegari a tarar da ruwa kwance a kowane lambu.

Wannan tsari ya jawo wa garin suna mai kyau. Fatake sukan ce ba su taɓa ganin gari mai dattawa masu ladabi haka ba, kowannensu ido a ƙasa. Ya kuma jawo wani abu da fatake ba su lura da shi ba: kowa a garin ya shiga ƙoƙarin kada ya zama wani abu. Mai iya saƙa yakan bar zare a kwance da gangan. Mai iya sulhu yakan tashi ya bar wurin faɗa. Na yi aiki a ofisoshi da dama, na san irin wannan hali, amma mutanen Dogon Gaɓa aƙalla suna da dalili.

Mutum ɗaya ne ya kasa. Sarkin Noma Bagudu, mijin Tabawa, ko ƙura ya tura wa iri sai ya tsiro. A shekarar da ake magana rumbunansa suka cika har ya ara na maƙwabta, aljani kuwa ya ambaci sunansa.

Tabawa ta tare shi a tsakar gida, hannuwanta duk yumɓu. Ta ce, "To, Sarkin Noma, ga ladan ƙwazo. Sau nawa na ce ka bar wa tsuntsaye rabin gonar nan?"

Ya ce, "Haƙuri za ki yi, Tabawa. Abin da ya sami kakanni ne. Kuma ai ba mutuwa ba ce."

"Ba mutuwa ba ce. Kallon ƙafafun mutane ne har ƙarshen rai."

"Mai Gari ma haka yake, yana kuma mulkinsa."

"Mai Gari ba mijina ba ne. Shekara nawa ina fama in tanƙwara ka, ban samu ba, sai wani jiƙaƙƙe ya fito daga rami ya yi a yini guda? In za a tanƙwara ka, ni ce zan tanƙwara ka."

Ta ɗauki taɓarya ta fita. Ya kamata a sani cewa wannan mata ba ta taɓa durƙusa wa kowa ba. A tsaye take gaida surukanta, a tsaye ta gaida Mai Gari Cindo da ta same shi a bakin gaɓa tare da dattawansa, duk a tanƙware kamar masu neman allura. Ta buga taɓarya a ƙasa, ta kira aljani da sunansa.

Ruwa ya dare biyu. Magajin Zurfi ya taso har kansa ya zo daidai da gaɓa, gemunsa na gansakuka yana ɗiga, ƙananan kifaye suna tsalle a cikin kunnuwansa.

Ya ce, "Ya ke 'yar Adam, wace buƙata ce ta hana gwiwoyinki sanin ƙasa a gabana?"

Ta ce, "Sannu, Magaji. Gwiwoyina suna da aikin yi. Na zo in ji sharaɗin nan daga bakinka, domin a bakin dattawa kullum da rawar murya nake jin sa."

"Sharaɗi daɗaɗɗe ne, ba ya ƙaruwa, ba ya raguwa. Jigo guda na garin nan, mai ɗauke da nauyi a bayansa, ya sunkuya mini ba tare da ƙorafi ba. Ni kuwa in ba da ruwa."

"Mene ne jigo a wurinka?"

"Abin da in an cire shi gari ya kwana da yunwa."

"Maimaita, dattawa kunnensu ya yi nisa da baki."

Aljani ya maimaita da murya mai girgiza gaɓa, domin yana son jin kansa. Tabawa ta lura ya ce abin da, bai ce wanda ba. Ta ajiye wannan a ranta yadda take ajiye yumɓu mai kyau, ta tambaye shi yaushe zai karɓi kasonsa. Ya ce ranar da tsibirin yashi ya bayyana a tsakiyar kogi. Ya nutse.

Mai Gari Cindo ya yi magana da ƙasa, domin nan bakinsa yake fuskanta. Ya ce, "'Yar Korau, kada ki jawo mana abin da ya fi wannan."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, in akwai abin da ya fi wannan, ba za ka iya ɗaga kai ka gan shi ba ma."

Tana komawa ta bi ta ramin da take haƙar yumɓu, sai ta tarar da zalɓe a tsaye da ƙafa ɗaya, tsawonsa ya kai na raƙumi. Ya ce, "Na ji tambayarki. A ƙasar Misira, ƙarƙashin yashi, akwai itacen da yake sunkuya wa kogi tun kakanninki ba su san gero ba. Ina iya kai ki, in komo da ke. Ladana shi ne duk kifin da ya shiga tukunyarki daga yau nawa ne."

Ta ce, "Dama ƙaya ta ishe ni." Ta ɗaura taɓarya a baya, ta kama ƙafafunsa.

Suka tashi. Suka ƙetare ƙasar da yashi yake gudu kamar rafi, ayarin fatake suna bin sa a kwale-kwale. Suka ƙetare garin da inuwoyi suke tafiya a tsaye, masu su suna jan ciki a bayansu. A wani kwazazzabo iska ta yi ta kiran Tabawa da muryar mahaifiyarta, tana cewa ta saki hannu ta huta. Ta ce, "Inna ba ta taɓa ce wa kowa ya huta ba," ta ƙara damƙe ƙafar zalɓe. A ƙarshe suka sauka a gindin waɗansu duwatsu masu tsini, ginin hannu, kamar dalar gyaɗa amma wadda ba a yi niyyar sayarwa ba.

A gindin dala mafi ƙanƙanta akwai ƙofa. Wani falalen dutse ya sauko ya rufe ta, ya bar kafa iyakar tsawon gwiwa. Mai gadi buzuzu ne, girmansa ya kai bijimi, yana mirgina curinsa gaba da baya.

Ya ce, "Ya ke baƙuwa, wannan ita ce ƙofar Misira ta Ƙarƙashi. Sarakuna masu rawanin zinariya da rarrafe suka shige ta."

Ta ce, "Sun fito?"

"Ba su fito ba."

"To, ka ga amfanin rarrafe."

Ta sa hannu biyu a ƙarƙashin falalen ta yunƙura. Ta sake yunƙurawa har faratanta suka tsage, dutse bai san ana yi ba. Ta tsaya tana haki, tana kallon buzuzu yana fama da curinsa a kan tudu, gumi yana zuba daga ƙahonsa. Ita kuwa mace ce da ta san wahalar curi. Ba ta san sa'ad da ta ce, "Sannu da aiki, bawan Allah," ba.

Buzuzu ya tsaya cik. Ya ce, "Tun da aka aza dutsen farko na dalar nan nake turi. An yi mini sujada, an sassaƙa siffata a zobe, amma ba a taɓa yi mini sannu ba. Saurara. Ki sa bakin sandarki a ƙarƙashin falalen. Ki yi mata matashi da ƙaramin dutse, dab da ƙofar, ba a tsakiya ba. Sa'an nan ki koma can ƙarshen sanda ki danna. Ƙarfi ba a damtse yake ba, yana inda aka sa matashi."

Ta yi haka. Falalen da ya ƙi hannu biyu ya ɗaga da faɗin yatsa. Ta tura tsakuwa a ƙarƙashi, ta ƙara wa matashi tsawo, ta sake dannawa. Haka ta yi ta yi, ɗaga kaɗan, tokare, ɗaga kaɗan, tokare, har rana ta karkata, ƙofa ta kai tsawon mace mai taurin kai. Ta shiga a miƙe, ɗankwalinta bai ko taɓa dutse ba.

Hanya ta gangara da ita zuwa wani zaure wanda ba a ganin rufinsa. Rabinsa rami ne mai baƙin ruwa can ƙasa. An gitta wani dogon gungumen dabino a kan dutse, tsakiyarsa daidai, rabi a kan tudu, rabi a sararin rami. A ƙarshen da ke kan tudu wata dorina tana zaune da sarƙar zinariya a wuya, bayanta ya toshe hanya.

Ta ce, "Ni ce Uwar Ma'auni. Wanda ya hau wancan ƙarshen ya rinjaye ni, ya wuce. Wanda ya kasa, gungume yakan gangaro da shi zuwa bakina. Jarumai sun zo da sulke, attajirai sun zo da buhunan azurfa domin su ƙara nauyi. Attajirai sun fi daɗi."

Tabawa ta dubi gungume, ta dubi dutsen da ke ƙarƙashinsa. Ta ce, "Uwa, doka ta faɗi inda dutsen nan zai zauna?"

Dorina ta yi tunani mai tsawo. Ta ce, "Doka ba ta zaci za a tambaya ba."

"To, ɗan sauka."

Da taɓarya da matashi, Tabawa ta yi ta zakuɗa gungumen yana zamewa a kan dutse, har dutsen ya koma dab da mazaunin dorina, sauran tsawon duka ya miƙe a sararin rami. Garin haka taɓarya ta tsage gida biyu. Dorina ta koma ta zauna. Tabawa ta hau, ta bi gungume a tsaye, baƙin ruwa yana numfashi a ƙarƙashinta. Ta wuce rabi, babu motsi. Dorina ta soma lasar baki. Ta ci gaba har inda gungume ya sirance ya zama kamar kara, ta tsaya a kan ƙarshensa da yatsun ƙafa.

Sai gungume ya yi ƙara. Ƙarshen da take kai ya sulale ƙasa da ita tsawon bishiyar rimi, ya tsaya da ƙarfi, bakinta ya daki itace. Can sama kuwa Uwar Ma'auni ta tashi daga ƙasa da taki guda tak.

Dorina ta yi ihu, "An ɗaga ni! Tun da aka haife ni ba a taɓa ɗaga ni ba! Sake, 'yar Adam, sake!"

Tabawa ta hauro tana tofar da jini da haƙora biyu. Ta ce, "Ke kin hau taki guda, ni na faɗi tsawon rimi. Wannan ciniki sau ɗaya ake yin sa."

Dorina ta matsa mata hanya, ta ce, "Haka ma'auni yake. Ƙarami yana ɗaga babba, amma da doguwar tafiya yake biya."

Bayan dorina akwai wani dogon ɗaki mai haske, ba fitila, ba taga. Bangayensa cike suke da zanen mutane jajaye masu farin bante, kowa yana kallon gefe. Zanen yana motsi. A ƙasan bango an zana kogi da shuɗin layi mai lanƙwasa, yana gudu har ana jin sanyinsa. A bakin kogin kuwa ga abin da zalɓe ya faɗa: dogayen itatuwa suna sunkuyawa, suna taɓa ruwa, suna miƙewa da guga cike, suna sake sunkuyawa.

Ɗaya daga cikin mutanen ya ɓanɓaro kansa daga bango ya sauko. Kaurinsa bai fi na ganye ba. Ya tsaya yana fuskantar gefe, ya ce, "Maraba da mai kauri. Ni ne Wakilin Lambu na wannan bango."

Tabawa ta ce, "A garinmu mai magana da mutum yakan dube shi."

"In na dube ki, ba za ki gan ni ba." Ya juyo, ya ɓace. Ya koma gefe, ya bayyana. Ta ce ya ci gaba yadda ya saba.

Ya kama hannunta ya ja ta cikin bango, ya tsayar da ita a gindin ɗaya daga cikin itatuwan. Ya nuna mata gwafa biyu a kafe, da sanda a gicce bisa kansu. A kan sandar an ɗaure doguwar gora, ba a tsakiyarta ba, kusa da gindinta. A gajeren ɓangare, na baya, an manna ƙaton curin laka. A dogon ɓangare, na gaba, igiya ce da guga.

Tabawa ta kama igiya ta tura sama. Wakili ya ce, "Ja ƙasa."

"Ruwa nake so ya hau."

"Shi ya sa. Ki ja guga ƙasa tun tana fanko, nauyin jikinki ya taya ki, laka ta hau. In guga ta cika, ki sassauta hannu. Laka za ta nemi komawa ƙasa, ita ce za ta ɗauko miki ruwan. An gina abin nan bisa sanin halin ɗan Adam: ya fi gwaninta wajen ja ƙasa da ɗagawa sama."

Ta ja, guga ta nutse. Ta sassauta, guga ta taso cike ta tsaya a gaban ƙirjinta kamar an aiko ta. Tabawa ta yi dariya ta farko tun barinta gida, iska tana shiga giɓinta. Ta ce, "Na gani, na iya. Sai wata rana."

Wakili ya ce, "Dakata. Abin da kika gani kowane massassaƙi zai yi shi, ya kuma ɗebo ruwa. Amma aljani ba ruwa yake nema ba. Itace karkata yake yi, ba ya sunkuya, Magajin Zurfi kuwa ya san bambancin. Sai an cuɗa sunkuyo na gaske a cikin lakar, na mai rai, wanda ya bayar da yardarsa."

"Ku a ina kuka samu?"

"Mu bayi ne. Sunkuyo shi ne abin da muke da shi har ya yi mana yawa."

"To, ɗauki nawa. Sabo ne fil, ban taɓa morar sa ba."

"Ki yi tunani, mai kauri. In na zare shi ba ya komawa. Kuma ba sarakuna kaɗai ake sunkuya wa ba."

Ta ce, "Tsibiri yana fitowa a kogin garinmu, kai kana ba ni shawara. Zare."

Ya sa yatsunsa marasa kauri a ƙeyarta, ya zaro wani abu kamar farin zare daga wuya har kwankwaso, ya cuɗa shi da lakar kogin bango, ya ɗora mata curin a ka. Ta ji bayanta ya sandare kamar an zura masa mashi. Ta ce ba ta ji wani bambanci ba. A bakin ƙofa, da ta kama ƙafar zalɓe, iska ta fizge mayafinta ta yar a gabanta. Ta dube shi a ƙasa, nan kusa da yatsunta. Ta daɗe tana dubansa. Sa'an nan ta ce wa zalɓe su tafi, dama mayafin ya tsufa.

Sun iso Dogon Gaɓa da hantsi, tsibirin yashi yana ƙyalli a tsakiyar kogi. Gari duka yana bakin gaɓa. Bagudu ya sa farar riga, ya riga ya kai rabin gangara, Magajin Zurfi ya miƙo hannu.

Tabawa ta ce, "Sarkin Noma, komo nan. Wa ya ba ka izinin sa rigar Sallah?" Ta juya ga aljani. "Magaji, ranar yau taka ce har faɗuwar rana. Kafin la'asar zan kawo maka jigonka."

Aljani ya ce, "Na ba ki, domin ina son ganin ƙarshen wannan rashin kunya."

Ta nemi masu taimako. Masu miƙaƙƙen baya suka shiga kallon sama, kowa yana tsoron a ga ya iya wani abu. Waɗanda suka matso su ne tanƙwararru: tsohon Sarkin Maƙera, tsohon massassaƙi, wani mai tufkar igiya, har da Mai Gari Cindo yana gunaguni. Su ba abin da ya rage a ƙwace musu, kuma aikin ƙasa ya fi kusa da hannunsu. Ita tana tsaye kamar tabarmar da aka jingina, tana ba da umarni, su suna haƙa, suna kafa gwafa a wani dandamali kusa da ruwa. Aka ɗaure gora, aka rataya guga. Ta sauke curin daga kanta, Bagudu ya manna shi a bayan gorar.

Ta ce, "Ga jigonka."

Magajin Zurfi ya yi dariya har kifayen kunnensa suka zube. Ya ce, "Itace! Na ce jigo, kin kawo mini makamashi."

"Dattawa suna nan. Ka ce abin da in an cire shi gari ya kwana da yunwa. Ka ce abin da ko ka ce wanda?"

Mai Gari Cindo ya yi gyaran murya, ya gaya wa ƙasa, "Abin da ya ce. Har sau biyu."

"Daga yau da wannan za mu ci. A cire shi, mu kwana da yunwa. Ka ce mai ɗauke da nauyi a bayansa, ga laka a bayansa. Ka ce ba ƙorafi. Tambaye shi ko yana da shi."

"Na kuma ce ya sunkuya. Itace ba ya sunkuya."

Tabawa ta kama igiya ta ja. Gora ta sauko a hankali, ta lanƙwasa wuya, ta kai goshi ga ruwa da wata irin natsuwa da ladabi wanda ba a taɓa gani a garin ba. Mata suka rufe baki. Wata tsohuwa, uwar Bagudu, ta ce, "La ilaha! Ai wannan gaisuwar da nake jira ce tun ranar da aka kawo Tabawa gidana."

Aljani ya sunsuna curin laka. Ya dubi Tabawa, ya dubi bayanta. Ya ce, "Wannan sunkuyo na gaske ne, kuma ban taɓa karɓar mai tsada irinsa ba. Na karɓa. Amma ki ji, 'yar Adam: sharaɗi ya ce in ba da ruwa, bai ce in kai shi lambu ba. Kaiwar alheri ne nake yi. Daga yau ga kogi nan, ku ɗiba da guminku."

Ta ce, "Alherinka mun gan shi a bayan iyayenmu. Riƙe abinka."

Ta sassauta hannu, guga ta taso cike. Aljani ya nutse, ba a sake ganin sa ba, sai dai an ce yakan kwanta a ƙarƙashin jigon da rani yana karɓar gaisuwa, wadda a yini guda ta fi abin da yake samu a shekara ɗari.

Da yake gaɓar doguwa ce, sai da aka kafa jigo bisa jigo, na ƙasa yana zuba wa na sama, kafin ruwa ya kai lambu. An gutsuri lakar Tabawa an sa a kowanne. Mutanen garin suna cewa daga nan abin ya sami sunansa. Wani malamin makaranta ya gaya mini sunan ya girmi labarin, ban kuwa yi masa gardama ba, ban kuma kai maganarsa Dogon Gaɓa ba.

A ranar, da magariba ta yi, Tabawa ta ɗauki buta, ta wanke hannu da fuska, ta shafi kai. Da ta zo ƙafa sai ta tsaya. Bagudu yana kallo daga bakin rumbu. Ya taso, ya karɓi butar, ya durƙusa a gabanta.

Ta ce, "Tashi, mutane za su gani."

Ya ce, "Miƙo ta dama."

Abin da al'amarin ya ci shi ne wannan. Taɓarya ɗaya. Mayafi ɗaya. Haƙora biyu na gaba. Kifin miya, har abada. Sana'ar tukwane, domin ba a gina tukunya a tsaye. Barcin safe na mazan gari duk rani, abin da ya sa waɗansunsu ba su yafe mata ba. Tanƙwararrun da aka riga aka tanƙwara, babu wanda ya miƙe. Jikoki bakwai, ba ta ɗauki ko ɗaya daga ƙasa ba, sai an miƙo mata. Ruku'u da sujada, da ido ta yi su har ta koma ga Allah. Gadon bayan Sarkin Noma Bagudu ya tsira daga hannun aljani, ya kuma tanƙwara sau biyar kowace rana a gaban ƙafafun matarsa, ba da tilascin kowa ba.